Allura Uku Kafin Aure

Ina da shekara sittin da shida lokacin da na sake fita neman aure. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, na ƙare a kujerar hedimasta, shi ya sa har yau a unguwarmu nan Lafiya ba mai kirana da wani suna sai Hedimasta. Matata ta rasu shekara huɗu kafin nan, hawan jini ya ɗauke ta cikin kwana biyu. 'Ya'yanmu biyar duk sun watse, wasu Abuja, wasu Jos, auta tana Makurɗi. Gida mai ɗaki shida ya koma daga ni sai rediyo. Na iya dafa doya, na iya dafa shinkafa, amma miya ta gagare ni, kullum ko gishiri ya yi yawa ko ruwa.

Matar da na sa wa ido gwauruwa ce a cocinmu, shekararta hamsin da tara. Tana sayar da agushi da riɗi a kasuwa, ita ce kuma mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar matan coci. Ni Eggon ne, ita Alago, Hausa ce ta haɗa mu. Mace ce mai faɗin magana yadda take, ba ta shafa mata mai. Na yi wata biyar ina zuwa sayen agushin da ban san yadda ake miyarsa ba, kafin na samu ƙarfin zuciyar zuwa gidanta.

Ranar wata Asabar ce da la'asar. Na same ta a baranda da faranti a cinya tana ɓarar agushi. Na yi gaisuwa mai tsawo, na yi zancen damina, na yi zancen tsadar taki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

Ta ce, "Hedimasta, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma da sharaɗi ɗaya."

Na zaci za ta ce ba za ta bar gidanta ba, ko sai na nemi yardar 'ya'yanta. Na ce ta faɗa, kowane ne.

"Za mu je asibiti tare. A ɗebi jininka, a ɗebi nawa. Ka ga takardata, in ga taka."

Sai na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Madam, ni? Dattijon coci, mai jikoki tara? Wannan ai na samari ne da 'yan mata."

Ta ajiye farantin. "Cuta tana tambayar shekaru kafin ta shiga?"

Nan ta ba ni labarin yayarta da ke Kwandere. Bayan mijinta ya rasu ta sake aure tana da shekara sittin. Ba a jima ba ta fara rama, zazzaɓi yau, gudawa gobe. Aka yi ta kai ta kemis, wannan ya ce taifot, wancan ya ce maleriya, wasu suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce an yi mata asiri a kan gona. Shekara biyu ana haka, ba wanda ya yi tunanin a gwada kaka mai furfura a ga ko ƙanjamau ne. Sai da ta kasa tashi aka gwada, aka samu. Allah ya sa da sauran kwana. Ta fara shan magani, yanzu ta murmure har tana noman gyaɗarta.

"Ni na yi jinyarta," in ji ta. "Na wanke ta, na goya ta. Ba na zarginka da komai, Hedimasta. Nima ban san abin da mijina ya bar mini ba, direban tirela ne, Allah ya ji ƙansa. Amma ba zan shiga ɗakin kowa ido a rufe ba."

Na tashi na yi mata sallama a daƙile. Mako uku ban taka ƙofarta ba. A coci in ta bi dama sai in bi hagu. Ina gaya wa kaina cewa ta raina ni. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ni na san abin da ya sa maganarta ta soke ni haka.

A shekara ta biyu bayan rasuwar matata, na koma noma sosai don in rage zaman gida. Ina da gonar rogo a Adogi. Akwai wata mata a can, ta haura hamsin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke dafa wa 'yan ƙwadago abinci. Takan zuba mini nawa daban, mu zauna a inuwa muna hira. Kaɗaici ya haɗu da kaɗaici. Abin da ya faru ya faru, kuma ba sau ɗaya ba, har kusan shekara. Ban taɓa tunanin kwaroron roba ba. A iya sanina abin hana ciki ne, mu kuwa mun wuce nan. Daga baya muka rabu lafiya, ba faɗa, ni dai zuciyata ce ta yi ta damuna duk ranar Lahadi.

A cikin wannan lokacin wani ɗan ƙurji ya fito mini a gaba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na shafa man da nake shafa wa kowane ƙurji, bayan 'yan makonni ya ɓace. Can kuma wasu tabo-tabo suka feso mini a tafin hannu, na ɗora wa maganin feshi laifi. Su ma suka tafi da kansu. Na manta da su ƙwarai, sai a waɗannan makonni uku suka dawo mini a rai, suka ƙi tafiya.

Na yi dabara irin ta ɗalibin da ke son ganin tambayoyi kafin jarrabawa. Na ce bari in je ni kaɗai a ɓoye, in na ga lafiya sai in je da ita ina taƙama. Na hau keke napep har ƙofar asibiti. Ina sauka na hango wani da na koyar da 'ya'yansa yana fitowa, sai na juya kamar mai neman shagon gyaran agogo, na sake tare keke na koma gida. Ina zaune a falo na ji kunyar kaina. Shekara talatin da biyar ina dukan yara a kan satar amsa, ga ni da furfura ina shirin yi.

Washegari na tafi kasuwa, na tsaya gaban tirenta. Na ce, "Madam, wace rana?"

Ba ta yi murmushin cin nasara ba, abin da na fi gode mata ke nan. Ta ce, "Talata da safe. Ka karya kumallo kafin ka fito."

Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce, tabarau a kan hanci, da alama ita ma ta kusa ritaya. Ta ce za a gwada ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere. Ta shigar da mu ɗaya bayan ɗaya. Da na zauna ta rufe ƙofa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, yaushe rabonka da mace?"

Tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na yi tari, na gyara hula, na ce matata ta rasu shekara huɗu.

"Allah ya ji ƙanta. Amma ba abin da na tambaya ba ke nan."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata komai, har ƙurjin da tabon hannu. Ba ta buɗe baki ba, ba ta girgiza kai ba, rubutu kawai take yi kamar ina ba ta labarin ciwon gwiwa. Wannan ya sa na ji numfashina ya dawo.

Bayan kwana biyu muka koma karɓar sakamako. Nas ɗin ta fara kiran Madam, ta fito da takardarta a hannu, fuska a sake. Sannan ni.

"Baba, babu ƙanjamau, babu ciwon hanta. Amma akwai tunjere. Mun gwada ta hanya biyu, duka sun nuna."

Na san sunan tun ina yaro, a bakin tsofaffi, cutar da ake cewa ta 'yan bariki ce.  Na ce, "Mutuwa zan yi?"

"Wata rana, kamar kowa. Amma ba da wannan ba, in ka ji magana. Allura uku ce, ɗaya kowane mako, ba tsallakewa."

Na ce ai ni lafiyata ƙalau, ina noma, ina hawa mashin. Ta ce halin cutar ke nan. Takan nuna kanta kaɗan da farko, sai ta lafe a cikin jini shekara da shekaru, mutum yana yawo da ita bai sani ba. In ta tashi daga baya takan taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. "Kuma da ta kai ka can, Baba, 'ya'yanka cewa za su yi tsufa ne ya kama ka. Ku manya kun fi ba ni tsoro. Yaro in ya ga abu yakan ruga ya zo. Ku sai ku rufe da babbar riga. Ga shi kun ɗauka roba ta masu gudun ciki ce kawai. Mace kuma in ta daina al'ada jikinta yakan bushe, fata ta yi saurin tsagewa, cuta ta samu ƙofa. Ba wanda ya gaya muku, mu ma ba mu cika tambayarku ba."

Sannan ta ce akwai sauran aiki. Matar Adogi tana bukatar ta sani, ta zo a gwada ta. Na tambaye ta ko daga wurinta na ɗauka. Ta ce, "Wannan shari'a ba ta warkar da kowa. Ka bar ta."

Aka yi mini allurar farko nan take. Ruwanta fari ne mai kauri kamar koko, a ɗuwawu ake yi. Na sha allura a rayuwata, amma wannan daban ce. Na fito ina ɗingishi.

Madam tana zaune a benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro a harabar asibitin. Ta miƙo mini takardarta. Na karɓa, na riƙe tawa a ɗaya hannun, na kasa miƙawa. Zama ma ya gagara saboda allura, don haka a tsaye na yi bayani, kamar yaron da aka kira ofishina. Na gaya mata sunan cutar, na gaya mata labarin Adogi, ban rage komai ba. 

Ta ce, "Akwai magani?"

"Akwai. Na ma fara."

"Ita matar ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta. "Raina ya ɓaci, Hedimasta, ba zan ɓoye maka ba. Ba don ka faɗi ba, kowa na faɗuwa. Don ka tsaya a barandata kana cewa kai dattijon coci ne. Amma yau ka faɗi gaskiya da bakinka. Ka je ka gaya wa baiwar Allah nan. 'Yar'uwata ce mace, ba zan gina ɗaki a kan ciwonta ba. In ka dawo sai mu yi magana."

Tafiyar Adogi ita ce mafi tsawo da na taɓa yi, ko da yake ba nisa. Na hau mashin na zauna a karkace. Na same ta a bayan gida tana suyar gari, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta yi murnar ganina, ta kawo kujera da ruwa. Na jira har maƙwabciyar da ke taya ta ta tafi, sannan na faɗa mata da ƙaramar murya.

Ta ajiye abin juya garin. "Malam, wato ka zo har gidana ka ce ni na sa maka cuta?"

"Ban ce ba. Ban sani ba, nas ɗin ma ta ce kada a nema. Na zo ne don abin da ke jikina yana iya kasancewa a jikinki, kuma yana da magani."

"Shekara biyu ban gan ka ba, sai yau, da wannan?"

Gaskiyarta ce. Ta ce in tashi in bar mata gida. Na tashi. Kafin in fita na gaya mata ƙofar da za ta shiga a asibitin da ranakun da nas ɗin ke zama, na ce ba wanda zai ji sunanta daga bakina har in mutu. Ba ta ɗago ba. Ƙaurin garin da ya fara ƙonewa ya raka ni har bakin hanya.

Kwana goma ba labari. Ran nan ina wankin riga wayata ta yi ƙara. Matar Adogi ce. Ba gaisuwa. Ta ce, "Na je. An samu. An fara mini." Ta kashe. Bayan mako uku ta sake kira, wannan karon ta gaishe ni. Ta ce ta gama, ta kuma kai wata ƙawarta an duba ta. Ta ce, "Allurar nan, Malam, Allah ya isa tsakanina da ita." Muka yi dariya tare, ta ce in gaida gida. Na zauna a bakin rijiya da wayar a hannu, na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina.

Ni ma na cika allurata uku, ban tsallake ko ɗaya ba. Na koma barandar Madam. Ta saurari yadda aka yi a Adogi, ta gyaɗa kai, ta shiga ciki ta fito da tuwon shinkafa da miyar agushi. Tana kallona ina ci ta ce, "Sai ka je ka ga fasto."

A cocinmu duk saurayi da budurwa da za su yi aure sai sun kawo takardar gwaji. Da muka je, fasto, wanda sa'ar babban ɗana ne, ya yi ta murna, ya ce, "Baba, ku ai iyayenmu ne, ba sai kun kawo takarda ba." Na ciro tawa na ajiye masa a tebur. Na roƙi Madam ta ba mu wuri, na gaya masa abin da na yi, ban ambaci gari ko suna ba. Ya rasa inda zai sa idonsa. Bisa ƙa'ida aka sa ni horo wata uku, na sauka daga kujerar dattawa na koma bencin baya.

Ba zan ce da daɗi ba. Mutumin da ya saba zama gaba yana kallon jama'a, yau shi ke kallon ƙeyarsu. An yi gulma, na ji wasu, wasu an kawo mini. Ɗana na Jos ya yi fushi ya daina ɗaukar wayata na ɗan lokaci. Amma Lahadi ta biyu, ana cikin waƙar buɗewa, Madam ta gama buga tulunta, ta ratso tsakiyar coci da kayan zumunta a jikinta, ta zo ta zauna kusa da ni a bencin baya. Haka ta yi kowace Lahadi har wata ukun suka cika. Daga nan bakin mutane ya mutu.

Bayan wata shida na koma aka sake ɗibar jini. Nas ɗin ta duba takarda ta ce maganin ya ci, awon ya sauka yadda ake so. Ta ce akwai gwaji ɗaya da zai riƙa nuna alamar har abada, kamar tabon tsohon rauni, kada in tsorata in an gani, in dai riƙa zuwa ana dubawa. Na ce mata ina gayyatarta biki. Ta ce in dai akwai rawa za ta zo.

Aka ɗaura aurenmu bayan girbi. 'Ya'yana biyar duka sun zo, har na Jos, shi ya ma riƙe mini lema. Yayar Madam ta zo daga Kwandere da buhun gyaɗar da ta noma da hannunta, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. 'Yan'uwana suka fito da kiɗanmu, nata suka fito da nasu, aka rasa wa zai bar wa wani fili. Ni da na ce gwiwa ba za ta bar ni ba, sai da aka janye ni. Kuma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya a wannan rubutu, bari in ƙara da cewa aurenmu ba na dafa abinci da jinya kawai ba ne. Miji da mata ne mu, cikakku, kuma ba wanda yake kwana da tsoron ɗan'uwansa.

Da aka maido ni cikin dattawa, abu na farko da na kawo a zama shi ne a daina ware tsofaffi daga takardar gwaji. An yi gardama. Wani ya ce cin mutuncin furfura ne. Na ce furfurar ce ga ta a kaina, kuma takardar ce ta cece ni. Aka amince. Fasto ya kuma ba ni minti goma a taron zumuntar maza. Na yi magana a kan ƙurjin da ba ya zafi, da roba, da allura uku. Ba wanda ya yi tambaya ko ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba littafin waƙa. Na dawo gida na ce wa Madam na yi wa bango wa'azi.

Ashe ba haka ba ne. Bayan kwana huɗu, da hantsi, wani dattijo da ya girme ni da shekara biyar, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, ya yi sallama ya ce ya zo aron tsani. Na fito masa da shi. Ya dafa tsanin, ya duba ƙafafunsa, ya yi zancen kwanon ɗakinsa da ke yoyo, bai tafi ba. Can ya matso ya rage murya.

"Hedimasta, wannan wurin da ka ce, ta wace ƙofa ake shiga?"

Na ce, "Yaya, ajiye tsanin. Bari in ɗauko hulata."

Shi ne na farko. Zuwa yau na raka mutum bakwai, biyu Musulmi ne maƙwabtana, ɗaya ma da matarsa muka je. Wasu an samu abu an yi magani, wasu ba a samu komai ba sun dawo suna cika baki. Ban taɓa tambayar kowa abin da takardarsa ta ce ba. Aikina in tare keke, in zauna a benci in jira, in mutum ya fito yana ɗingishi in ba shi kafaɗa. Ranar da na fita da mai tsani, Madam ta leƙo daga kicin ta gan mu muna nufar titi. Ba ta tambayi inda za mu ba. Ta ce in na dawo in biya ta kasuwa in sayo busasshen kifi, kuma in duba da kyau kada a ba ni mai tsutsa.